Tiyatar kafaɗar da ke yawan gocewa: sharhi a kan aikin da aka yi mini a Zariya

Wannan sharhi ya shafi aikin tiyatar kafaɗa da aka yi mini a wani asibiti mai zaman kansa da ke nan Zariya, inda wani ƙwararren likitan ƙashi yake duba marasa lafiya a wasu ranaku na mako. Na rubuta shi ne domin mutanen da kafaɗarsu ta mai da gocewa al'ada, musamman waɗanda aka gaya musu cewa ƙashin gurbin ya fara cinyewa, suna kuma shawara da iyalansu ko su yarda a yi musu aiki a nan gida, ko su nufi asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko su wuce Abuja. Hukuncina tun daga farko shi ne cewa likitan ya san aikinsa, kuma binciken da ya yi kafin ya taɓa wuƙa ya fi duk wani abu da na biya kuɗinsa daraja, amma lissafin kuɗi da kulawar bayan sallama ba su kai matsayin tiyatar kanta ba.

Kafaɗata ta dama ta fara gocewa tun ina da shekara 19, a filin ƙwallo a Tudun Wada, lokacin da na miƙa hannu sama domin tare bugu wani ya faɗo a kansa ya tura shi baya. An mayar da ita a ranar, na rataye hannu na ɗan lokaci, ciwo ya lafa, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Daga baya ta riƙa fita a kan abin da bai kai ya kawo ba, wajen jefa hannun babbar riga a kafaɗa, wajen miƙa hannu kujerar baya a cikin mota, a ƙarshe har cikin barci. Wani lokaci maɗori ne yake mayar da ita, wani lokaci ɗakin agajin gaggawa na asibiti, kuma a gaskiya dukansu sun iya mayarwa. Abin da babu wanda ya gaya mini a tsawon shekarun nan shi ne cewa kowace fita tana iya tafiya da wani abu daga ƙashin, kuma sauƙin da kafaɗar take ƙara yi wajen fita da komawa yana nuna cewa abin da ke tare ta yana ƙarewa. Sana'ata koyarwa ce, kuma malamin da ya fara tsoron kai alli saman allo ya san cewa lalurar ta shiga cikin abincinsa.

Shiga asibitin ba ta da wahala. An yanka mini kati ba tare da ɓata lokaci ba, ɗakin jira yana da tsabta, sai dai likitan ƙashin yana da ranakunsa, kuma yakan iso ne da yamma bayan ya tashi daga wani aikin, saboda haka jira yana da tsawo. Idan layi ya zo kanka kuwa, ba ya gaggawar sallamarka.

Ya fara da tambayoyi masu yawa: shekarata nawa lokacin da ta fara fita, da wane irin motsi take fita yanzu, ko tana fita cikin barci, wane aiki nake yi da hannun, ko ina wasan da ake karo a cikinsa. Sannan ya tambaye ni ko na taɓa yin farfaɗiya, ko ina shan taba, ko na taɓa sabawa da Tramadol. Na ɗan ji nauyin tambayar ƙarshen, ya lura, sai ya ce, "Malam, ba zargi ba ne, kowa nake tambaya." Ya bayyana cewa Tramadol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, jijjiga kuma tana fizge kafaɗa da ƙarfin da zai iya karya duk gyaran da aka yi, taba ita kuma tana hana ƙashin da aka dasa kamawa. Bayan haka ya kwantar da ni, ya ɗaga dantsena daidai kafaɗa, ya lanƙwasa gwiwar hannun, ya fara juya shi baya a hankali. Kafin ya yi nisa jikina ya ƙage, na riƙe hannunsa da na hagu ba tare da na yi niyya ba. Ya sauke hannun ƙasa da tsayin kafaɗa ya sake gwadawa, tsoron bai tafi ba, ya ce wannan yakan nuna cewa matsalar ta wuce yagewar nama ta taɓa ƙashi. Duk da haka da na tambaye shi wane aiki za a yi, amsar da ya ba ni ita ce, "Ba zan ambata maka aiki ba sai na auna ƙashin da ya rage." A ganina wannan amsa ita ce ma'aunin da ya kamata a auna duk wani likitan da aka kai wa irin wannan kafaɗa.

Hoton ƙashi na yau da kullum da na zo da shi bai wadatar da shi ba. Ya tura ni wata cibiyar ɗaukar hoto domin a yi hoton CT, ya rubuta a takardar cewa yana son a haɗa hoton ya fito da siffar ƙashin ta kowace fuska, a kuma cire kan ƙashin dantse daga hoton domin a ga fuskar gurbin sosai. Asibitin ba shi da wannan na'ura, kuma wannan ƙarin ɗawainiya ce da ƙarin kuɗi. Cibiyar ta miƙo mini takardun hoto kawai, likitan kuma yana bukatar faifan domin ya yi awo a kwamfuta, sai da na koma na karɓo. Wanda zai je ya nemi faifan tun a zuwan farko.

Ranar da ya buɗe hoton a gabana ce na fahimci ciwon da na daɗe ina ɗauke da shi, gani ya kori ji. Gaɓar kafaɗa ba ta da zurfin gurbi irin na ƙugu. Kan ƙashin dantse babba ne mai kewaye, yana zaune a kan wani ɗan fili mara zurfi a gefen allon kafaɗa, kamar tulu a kan gammo. Idan gefe ɗaya na gammon ya cinye, ko an ɗaure tulun da igiya zai ci gaba da zamewa ta wannan gefen. Wannan rashin zurfi shi ne ya sa kafaɗa ta fi kowace gaɓa yalwar motsi, shi ne kuma ya sa ta fi sauran manyan gaɓoɓi yawan gocewa, kuma mafi yawan gocewar ta gaba take yi. Gefen gurbin yana da wani leɓe na guringuntsi da jijiyoyi ke manne da shi, wanda yake ƙara masa zurfi. A gocewar farko wannan leɓen ne yake ɓamɓarewa daga gaba da ƙasa, raunin da ake kira da sunan likitan Ingila Blundell Bankart, wanda ya yi bayaninsa a 1923. A lokaci guda bayan kan ƙashin dantse yana buguwa da kaifin gurbin ya lotsa, lotsawar da likitocin hoto biyu na Amurka, Hill da Sachs, suka bayyana a 1940. Idan fita ta yi yawa, gefen gurbin kansa yana gutsurewa ko ya zaizaye, lotsawar kuma tana ƙara faɗi, har ta kai ga tana sarƙewa da gefen gurbin duk lokacin da aka ɗaga hannu aka juya shi baya.

Aikin da ya fi shahara shi ne ɗinke leɓen nan a mayar da shi mazauninsa, galibi ta ƙananan huda da kyamara, kuma shi ne na zo da niyyar nema, domin na ji ana cewa ba ya barin tabo. Likitan ya ce aiki ne mai kyau ga wanda ƙashinsa bai taɓu ba, amma a irin kafaɗata kuɗi ne za a zubar. Ya kawo mini binciken da Stephen Burkhart na Amurka da Joe De Beer na Afirka ta Kudu suka wallafa a 2000, inda suka bi diddigin kafaɗu 194 da aka yi wa wannan ɗinki da kyamara. A cikin waɗanda ba su da babban giɓin ƙashi, kashi 4 cikin 100 ne suka sake samun matsala, amma a cikin masu giɓin, kashi 67 cikin 100 ne. Tun daga lokacin likitoci suka mai da hankali ga auna ƙashi kafin zaɓen aiki. An daɗe ana ɗaukar asarar kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na faɗin gurbin a matsayin iyakar da ɗinki kaɗai ba ya wadatarwa, wasu bincike na baya ma sun nuna cewa matsala tana iya farawa tun daga kusan kashi 13.5, musamman ga masu aikin ƙarfi. Faɗin gurbin gaba ɗaya bai cika kai santimita 3 ba, ke nan asarar milimita 5 ko 6 ta isa ta sauya shawara. Nawa awon ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Ya kuma auna faɗin lotsawar ya gwada shi da faɗin gurbin da ya rage, bisa tsarin da Eiji Itoi da abokan aikinsa na Japan suka fito da shi a 2007, ya nuna mini cewa lotsawata tana wuce gefen gurbin idan na ɗaga hannu.

Shawararsa ita ce aikin Latarjet, wanda ya samo sunansa daga Michel Latarjet, likitan birnin Liyon na Faransa da ya bayyana shi a 1954. A gaban kafaɗa akwai wani ɗan ƙashi mai lanƙwasa da ya ɓullo daga allon kafaɗa, likitoci suna kiransa korakoyid, mutum yana iya jin kansa da yatsa a ƙasan ƙashin wuya. Ana yanke kimanin santimita 2 daga gare shi, ba tare da an raba shi da jijiyar tsokokin dantse biyu da ke manne a kansa ba, a tsaga tsokar da ta rufe gaban gaɓar a bisa tsawonta, a ratsa da guntun ƙashin ta cikin tsagar, a kankare gefen gurbin har ya yi jini, a kwantar da shi a wurin a ɗaure da sukuru biyu. Amfaninsa ta fuska uku ne, kamar yadda wani likitan Faransa, Didier Patte, ya fayyace daga baya. Guntun ƙashin yana mayar wa gurbi faɗinsa. Jijiyar da ta biyo shi tana gittawa ta gaban gaɓar, tana kuma ɗamewa daidai lokacin da aka ɗaga hannu aka juya shi baya, wato lokacin da kafaɗar ta saba fita, ta tokare kan ƙashin dantse. Na uku shi ne gyaran tantanin da ya lulluɓe gaɓar. Fuska ta biyun nan ce ta fi gamsar da ni, domin kariya ce da take ƙara ƙarfi a lokacin da aka fi bukatarta.

Bai ɓoye mini cewa akwai wasu hanyoyi ba. Ana iya ɗebo ƙashi daga ƙugun mutum a dasa a gefen gurbin, hanyar da ke ɗauke da sunayen Eden da Hybinette, wadda ta girmi ta Latarjet, kuma an fi ajiye ta domin giɓin da ya yi girma ƙwarai ko domin wanda aikin farko bai yi masa ba. Aibinta shi ne rauni na biyu a ƙugu, wanda yakan daɗe yana ciwo. Idan asarar gurbin kaɗan ce amma lotsawar tana da faɗi, ana iya haɗa ɗinkin leɓe da cike lotsawar da jijiyar tsokar baya. A wasu ƙasashe ana dasa ƙashin da aka adana daga mamaci, abin da ya ce ba ya cikin abin da zai iya samar mini. Ya kuma gaya mini kai tsaye cewa shi da buɗaɗɗen yanka yake yin Latarjet, ko da yake ana yin sa da kyamara a wasu wurare tun bayan da Laurent Lafosse ya bayyana hanyar a 2007, kuma ya fi son ya yi abin da hannunsa ya saba da shi. Na ji daɗin wannan gaskiya fiye da yadda zan ji daɗin alkawari.

Zaman sa hannu a takardar amincewa shi ma ya cancanci yabo. Mahaifina ya raka ni, likitan ya bar Turanci ya yi masa bayani da Hausa. Ya ce jijiyoyi biyu masu kai saƙon ji da motsi suna kusa da wurin aikin, ɗaya mai tafiyar da tsokar gaban dantse, ɗaya mai tafiyar da tsokar doron kafaɗa, kuma suna iya jin jiki, galibi na ɗan lokaci, wani sa'in kuma na dindindin. Ya ce ƙashin da aka dasa yana iya ƙin kamawa, ko wani ɓangarensa ya narke da tafiyar lokaci. Sukuru yana iya sassautawa ko ya karye. Rauni yana iya tara jini ko ya kamu da ƙwayoyin cuta. Idan kuma guntun ƙashin ya leƙo cikin gaɓa fiye da kima zai riƙa gogar guringuntsi ya gaggauta zaizayewarta. Ya ƙara da cewa matsalolin wannan aiki sun fi na ɗinkin leɓe yawa, ana zaɓensa ne saboda ya fi hana komawar gocewa ga mai giɓin ƙashi. Mahaifina ya ce, "Likita, to idan aka bar ta haka fa?" Ya amsa, "Baba, ba za ta kashe shi ba, amma za ta ci gaba da fita, ƙashin yana ƙara raguwa, aikin da za a yi nan gaba kuma ya fi na yau girma." Ba a matsa mana mu sa hannu a ranar ba.

Inda asibitin ya fara ba ni haushi shi ne wajen kuɗi. An rubuta mini jimillar kuɗin aiki a takarda ɗaya ba tare da an rarrabe ta ba, na ɗauka ta ƙunshi komai, muka yi ta haɗa kai da 'yan'uwa har ta cika. Sai daga baya aka ce sukurun da za a ɗaura ba sa ciki, gwajin jini daban, tanadin jinin ko-ta-kwana daban, maganin da za a sha a gida daban, maratayin hannu ma sai an sayo a waje. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a ce zalunci ne a karan kansa, amma fitowarsu ɗaya bayan ɗaya tana jefa mai albashi cikin rancen da bai shirya masa ba. An kuma ɗaga ranar aikin saboda kayan da aka yi oda ba su iso ba, kuma ba a sanar da ni ba sai da na riga na ɗauki hutu a makaranta. Ma'aikacin da ke karɓar kuɗi mutum ne mai fara'a, sai dai fara'a ba ta maye gurbin takarda mai bayani. Duk wanda zai je ya nace a rubuta masa kowane abu da farashinsa, ya tambayi abin da ba ya cikin lissafin, idan kuma yana da inshorar lafiya ya bincika tun da wuri ko tana ɗaukar ƙarafan da ake sa wa a ƙashi.

Ranar aikin kanta ta tafi daidai. An hana ni ci da sha tun dare, likitan sa barci ya zo ya duba ni ya yi tambayoyinsa, likitan ƙashin ya yi alama da biro a kafaɗar dama kafin a shiga da ni. Na farka da hannuna a rataye da yanka a gaban kafaɗa wanda tsawonsa bai wuce na yatsa ba. Daren farko ya yi tsanani, kuma a nan ma'aikatan jinya suka rabu gida biyu: ta yamma tana zuwa da allurar rage zafi a kan lokaci, tana tambaya, "Malam, yaya hannun?", ta taɓa yatsuna ta ce in motsa su, na dare kuwa sai ƙanena ya je ya taso shi. Wuta ba ta yanke mana ba, ɗakin kwanciya yana da tsabta, banɗaki ne dai yake bukatar gyara. Washegari aka ɗauki hoto, likitan ya nuna mini sukuru biyu a jere da guntun ƙashin a daidai gefen gurbin. Bayan aikin na ji wani ɓangare na gefen sangalin hannuna ya yi dundum, ya ce jijiyar da aka ja gefe ce ta gaji, kuma jin ya dawo a hankali cikin 'yan watanni.

Babban raunin wannan hidima ya bayyana ne bayan sallama. Tiyatar Latarjet tana da dokokinta na jinya, domin tsokar da ke lanƙwasa gwiwar hannu yanzu tana manne da ƙashin da bai gama kamawa ba, kuma duk nauyin da aka ɗaga da hannun yana jan wannan ƙashi kai tsaye. A makonni shida na farko ba a so mutum ya ɗaga ko da buta cike da ruwa, ba a kuma so a juya hannun waje da ƙarfi. A lokaci guda ba a so a bar shi a sandare, ana fara motsa yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu tun da wuri, da ɗan lilo da hannun idan mutum ya sunkuya. Likitan ya faɗa mini wannan da baki lokacin da nake cikin magagin ciwo, amma ba a ba ni shi a rubuce ba, ba a kuma rubuta wa sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ba. Ma'aikacin gashin da aka haɗa ni da shi ya karanta katin ya ga an yi aiki a kafaɗa, ya kunna mini fitilar ɗumi, sannan ya miƙo mini ƙaramin ƙarfe ya ce in riƙa naɗe hannu da shi. Na tuna gargaɗin na ƙi, muka ɗan yi sa-in-sa cikin ladabi, na kira likitan a waya, ya yi masa bayani. Daga ranar ma'aikacin ya kula da ni yadda ya kamata, har na fahimci cewa ba ƙwarewa ce ya rasa ba, bayani ne bai iso gare shi ba. Amma wanda bai riƙe gargaɗin ba, ko wanda yake jin kunyar musu da ma'aikacin asibiti, kuma irinsu suna da yawa a cikinmu, zai iya ɓata aikin da aka kashe masa dukiya a makon farko.

Akwai kuma tambayoyin rayuwa da babu wanda ya tanadi amsarsu sai da na tono su da kaina. Yadda zan yi sujada ba tare da na dogara da hannun ba, yadda zan kwanta, domin kwanciya a miƙe tana ƙara zafi kuma jingina da matasai ta fi sauƙi, yadda zan sa riga in fara da hannun da aka yi wa aiki, da lokacin da zan koma kan babur. Ga wanda aka yi wa aiki a dama, cin abinci da gaisawa ma abin tambaya ne, domin mutanenmu idan sun zo dubiya sukan kama hannu su girgiza da ƙarfi don nuna ƙauna. Shafi ɗaya da Hausa zai iya amsa duk waɗannan, kuma rubuta shi bai kai kuɗin sukuru ɗaya ba. A Zariya, inda babur da keke mai ƙafa uku suka zama ƙafar jama'a tsakanin Samaru da Sabon Gari da cikin birni, maganar hawa babur ba ƙarama ba ce. An hana ni tuƙa shi har sai da hoto ya nuna ƙashin ya kama, wanda yakan ɗauki kimanin wata uku, kuma ko a bayan ɗan acaɓa ramin hanya ɗaya yana isa mutum ya miƙa hannu ba shiri.

Yanzu shekara ta zagayo da ɗoriya, kafaɗar ba ta sake fita ba. Ina rubutu har saman allo, ina kwana ta gefen dama, ina jefa hannun babbar riga ba tare da na tsaya na yi lissafi ba, kuma tsoron da ke kama ni idan wani ya taho ta bayana ya tafi. Abin da na rasa shi ne ɗan juyin hannu zuwa waje. Idan na jera hannuwana biyu na buɗe su, na dama yana tsayawa kafin na hagu, kuma an gaya mini tun kafin aiki cewa haka na iya faruwa. Da sanyin hunturu kafaɗar takan yi nauyi da safe kafin ta warware. Tabon yana nan, ya ɗan yi kauri a sama. Ƙarfin hannun ya dawo a hankali, kuma ya dawo ne da atisayen da na riƙa yi a gida da igiyar roba bayan an ba ni izini, ba da ɗumin fitila ba. Ban koma tsaron gida a ƙwallo ba, ko da yake likitan bai hana ni ba bayan wata shida.

Zan iya tura ɗan'uwana wurin wannan likita idan kafaɗarsa tana fita a kai a kai kuma hoto ya tabbatar da giɓin ƙashi, da sharaɗin ya karɓi cikakken lissafi a rubuce, ya kuma karɓi tsarin jinya a rubuce ya kai wa mai gashi da hannunsa. Ba zan tura wanda kafaɗarsa ta fita sau ɗaya ko biyu da tunanin cewa lalle wannan aikin za a yi masa ba, domin idan ƙashinsa lafiya lau yake, ɗinkin leɓe ya fi sauƙi kuma ya fi ƙarancin haɗari, kuma ya dace ya nemi inda ake yin sa. Matashin da bai kai shekara 20 ba ya kamata ya ga likitan ƙashi tun a gocewar farko, domin masu waɗannan shekaru su ne suka fi sake gocewa. Wanda ya haura 40 kuwa lamarinsa daban ne, sau da yawa jijiyoyin da ke juya kafaɗa ne suke yagewa, kuma hoton MRI, wanda ke nuna nama da jijiyoyi, ya fi nuna wannan. Mai farfaɗiya sai an shawo kan jijjigarsa da magani kafin a yi maganar wuƙa, mai shan taba kuma a shirye yake ya ji an ce ya ajiye ta makonni kafin aiki, ya kuma ci gaba da ƙauracewa har ƙashin ya kama.